Saita kyamara a ranar Damagaram, da inda gyaran hoto ya kamata ya tsaya

Yawancin hotunan da ake shan wahalar gyarawa a waya, tun wurin ɗauka suka lalace. Dattijo ya tsaya da farar babbar riga a ƙofar gida da hantsi, an ɗauka, riga ta fito fes, fuska kuwa ta dushe har ido ba ya ganuwa. Sai a shiga manhaja a yi ta jan haske har fatar ta koma toka-toka, a ce an gyara. Ra'ayinmu a nan a fili yake: kuskuren kyamara ake gyarawa, mutum kuma a bar shi yadda yake. Wanda ya iya saiti, abin da zai taɓa daga baya kaɗan ne.

Kafin ka fita daga gida

Shiga tsarin kyamara ka zaɓi RAW+JPEG idan tana da shi, wato ta ajiye kowane hoto iri biyu: RAW, ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, da JPEG, hoton da aka saba turawa. JPEG yana riƙe mataki 256 ne na haske a kowane launi, RAW kuwa 4096 ko 16384, gwargwadon kyamarar. Wannan ratar ce ke ba ka damar dawo da aikin zaren da ke wuyan farar riga, ko ɗaga inuwar fuska ba tare da launi ya farfashe ba. RAW ɗin kuma shi ne shaidarka in wata rana aka ce ka canza wani abu. Yana cin wuri, sau uku ko huɗu na JPEG, don haka ka kwashe tsofaffin hotuna, ka wanke katin, wato ka goge duk abin da ke ciki, a cikin kyamarar kanta. Daidaita kwanan wata da lokaci.

Mai ɗauka da waya ya goge gilashin da ƙyalle mai laushi, domin maiƙon yatsa shi ke sa fitila ta ja wutsiya a hoto. Sannan ya nemi wurin ƙawata fuska ya kashe shi ƙurmus. Wayoyi da yawa suna zuwa da shi a kunne, musamman a kyamarar gaba: yana shafe fata, ya haska ta, wani lokaci ya rage haɓa, kuma abin da ya shafe ba ya dawowa.

Abubuwa uku da ke auna haske

Na farko ƙofar haske, wadda ake rubutawa f/2.8, f/5.6, f/11. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa: haske ya shiga da yawa, bayan mutum ya narke. Babbar lamba tana tsuke ƙofa, na kusa da na nesa duk su fito. Mutum ɗaya, f/2.8 zuwa f/4. Sahu biyu na ƴan'uwa a wurin suna, kada ka sauka ƙasa da f/5.6, in sahu uku ne f/8, ka ɗora saitin gani a kan fuskar wani na sahun gaba ko na tsakiya.

Na biyu saurin ƙiftawa. Wanda yake tsaye, 1/125. Yara da masu tafiya, 1/250 zuwa 1/500. Don rawar hannunka, lambar ƙasa ta wuce tsawon gilashin sau ɗaya da rabi a ƙananan kyamarori: gilashin 50mm yana son 1/80 ko sama, na 200mm yana son 1/320.

Na uku ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara. Da rana 100, a inuwa 200 zuwa 400, cikin ɗaki 1600 zuwa 3200. In ya hau, hoto yana yin tsaki-tsaki kamar an watsa masa rairayi. Duk da haka kada ka ji tsoronsa. Hoto mai tsaki ana iya rage masa, wanda ya girgiza kuwa sai dai a jefar.

Ga ma'aunin da tsofaffin masu hoto ke haddacewa: rana tsaka, sama tas, ISO 100, f/16, 1/125. Duk lokacin da ka buɗe ƙofa mataki ɗaya, ka ninka sauri: f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000, f/2.8 da 1/4000. Kyamarori masu sauƙin kuɗi da yawa a 1/4000 suke tsayawa. Shi ya sa wanda ya sayi gilashin f/1.8 ya buɗe shi duka a ranar watan Afrilu yake samun hoto fari fat, yana zaton kyamarar ce ta lalace. In ka shiga inuwar gini, haske yana raguwa wajen mataki uku, wato f/5.6 da 1/125.

Ga mai koyo, a juya dabaran sama zuwa A, ko Av a Canon. Kai ka zaɓi ƙofa, kyamara ta zaɓi sauri, idonka yana kan lambar saurin kada ta faɗi ƙasa da 1/125.

Farar riga, baƙar fata

Nan ne aikin yake. Ma'aunin hasken kyamara bai san riga ba, bai san fuska ba. Duk abin da aka nuna masa, ƙoƙarinsa ya mayar da shi toka mai matsakaicin duhu. In farar shadda da farin bango suka cika hoton, sai ya ga haske ya yi yawa ya rage, fuska ta nutse. In kuma ka sa shi ya auna fuskar kaɗai, sai ya ga duhu ya ƙara, fata ta kwaɗe, riga ta ƙone. Duka biyun ƙarya ne game da mutumin.

Maganin yana kan madannin da ke da alamar +/-. Idan kyamara tana auna hoton gaba ɗaya kuma fari ya rinjaya, ƙara +0.7 zuwa +1. Idan fuskar mai duhun fata kaɗai take aunawa, rage -0.7 zuwa -1. Ɗauki ɗaya ka duba. Kada ka yarda da allon kyamara a cikin rana, ido yana ruɗuwa. Kunna gargaɗin da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa walƙiya, ka kuma duba taswirar haske, wato histogiram. In tudun ya manne da bangon dama, farin ya ƙone, kuma ko RAW ba ya dawo da abin da ya ƙone sarai. Ɗan walƙiya a kan kafaɗa ba komai. In duk gaban rigar yana walƙiya, rage.

Sau da yawa ratar da ke tsakanin riga da fuska ta fi ƙarfin kowane saiti, sai an canza hasken kansa. Matsar da mutumin bakin zaure, taku ɗaya cikin inuwa, fuskarsa tana kallon waje. Hasken da ke tashi daga rairayin ƙofar gida zai cika masa ƙarƙashin hula da rawani, fatar ta fito da sheƙinta. Ba zaure kusa? Juya masa baya ga rana, wani ya riƙe farin kwali ko farin zane kamar taku ɗaya daga ƙirjinsa, a ɗan karkace. Filasha ma tana cike inuwa, amma yawancin kyamarori ba sa wuce 1/200 ko 1/250 da ita, don haka ƙofa za ta koma wajen f/11. Rage ƙarfinta zuwa -1 kada goshi ya yi ƙyalli. Ka guji gindin dogon yaro da rana tsaka: hasken da ke ratsa ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare, ya kuma zuba mata kore.

A waya, taɓa fuskar a allo ka riƙe har saiti ya kulle, sannan ka ja ƴar alamar rana sama ko ƙasa. Maimakon zuƙowa da yatsu, taka ka matsa.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin magariba. A lokacin ne zanen da ke fuskar gidajen unguwannin Birni da Zango yake tashi, domin hasken gefe yana ba kowane layi inuwarsa. Da tsakar rana bangon yana zama shafe.

Hazo, rumfar biki da fitilar ɗaki

A hunturu ƙura tana tace rana, inuwa ta yi laushi, fuska tana jin daɗin haka. Amma hoto yana fitowa ba ƙarfi, kuma daidaita launi na atomatik yana ƙoƙarin kashe jan hazon. Sa shi a alamar rana, ko 5500K, yanayin ya fito yadda ido ya gan shi. Kada ka canza gilashi a fili. In dole ne, kashe kyamara, juya bakinta ƙasa, ka yi sauri. Don gane ko ƙura ta shiga, sa f/16 ka ɗauki sama: ɗigo-ɗigon da ke wuri ɗaya a kowane hoto a kan sensa suke, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. Hura da ƴar robar hura iska. Baki yana tofa danshi, bakin riga kuma yana karce gilashi.

Rumfar tamfol shuɗiya ko ja tana rina fuskar kowa. Ɗauki farar takarda a ƙarƙashin rumfar, ka ba kyamara ita a matsayin fari, ko ka ajiye hoton don gyara daga baya. Cikin ɗaki kuma, wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, wasu fitilu suna ƙyaftawa tare da ita, sai ka ga ratsi-ratsi a hoto ko launi yana canzawa daga wannan zuwa wancan. Sauri 1/50 ko 1/100 yana kashe wannan.

Hawan sallah

Juya dabaran zuwa S, ko Tv, inda kai ke zaɓar sauri, ka sa 1/1000. Bar ISO ya zaɓi kansa amma ka yi masa iyaka a 3200. Saitin gani ya zama mai bin motsi, AF-C ko AI Servo, ɗauka kuma a jere. Tsaya inda rana take bayan kafaɗarka, ka nufi ƙirjin mahayi, domin ƙurar kofato tana ruɗar da saiti in ka nufi ƙasa. Jan rigunan dogarai yana saurin cika har ninkin yadin ya ɓace, rage -0.3 yana tsare shi. Mai son a ga gudu ya sauka 1/60, ya bi dokin da jikinsa yana ɗauka. Goma za su lalace kafin ɗaya ya yi kyau. A kusa da fada ka bi abin da dogarai suka ce, kuma kada ka ɗaga kyamara wajen bariki ko shingen jami'an tsaro.

Gyara, bi da bi

Kwafi za ka gyara, asalin ya zauna a wurinsa. Zauna a inuwa, hasken allo a tsakiya, ka kashe tacen da ke sa allo ja da dare. Ko Lightroom ne ko Snapseed, jerin ɗaya ne, kuma bin sa yana da dalili, domin kowane mataki yana shafar na bayansa.

Fara da miƙe hoton da yanke gefe. Sai launi: taɓa abin da ka san fari ne ko toka, kamar takardar nan. Sai hasken gaba ɗaya. Daga nan ka sauke wurare masu haske har zaren riga ya bayyana, ka ɗaga inuwa kaɗan. A JPEG, in ka wuce +30 ko +40 fata tana fara yin toka, tsaki ya taso. Ƙarfin launi a taɓa shi da hankali, +10 ya isa. Ƙasar Damagaram ja-ja ce da ma, in aka ƙara sai fuska ta zama ruwan lemo. Rage tsaki da kaifafawa su ne na ƙarshe, kana kallon hoton a cikakken girmansa. Ɗigon ƙurar sensa ka share shi ba fargaba, ba ya cikin abin da ka gani.

Akwai wuri ɗaya da ya kamata ka sani don ka kiyaye shi. A sashen launuka ɗaya-ɗaya, fatar mutum tana zaune a ruwan lemo. Jan haskensa sama shi ne bilicin na cikin waya. Gwajin mai sauƙi ne: kwatanta fuska da wuya, da kunne, da bayan hannu a cikin hoton. In fuska ta rabu da su, ka wuce gona da iri. In mutumin yana kusa, ɗora wayar gefen kuncinsa a inuwa ka duba.

Inda ake tsayawa

Za a ce maka, “Ɗan'uwa, ka ɗan haska ni mana.” Kada ka yi wa'azi, kada kuma ka yi gardama. Sau da yawa abin da ke damun mai maganar shi ne hotunan baya da suka nutsar da fuskarta. Ka ce, “Hajiya, bari mu koma bakin zaure in sake ɗauka, ki gani.” Fatar da ta sami haske mai kyau ba ta bukatar a canza mata launi. In ta nace, hotonta ne na ajiyewa, tana da ta cewa a kansa. Amma kai kada ka fara yi wa kowa haka ba a tambaye ka ba, musamman yara. Yarinyar da duk hotunanta aka haska tana koyon cewa fuskar da take gani a madubi ba ta isa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ma'aunin da ke aiki a fuska shi ne: abin da zai tafi da kansa cikin sati biyu, kamar ƙurji, ko gumi, ko ƙuda da ya sauka a hula, ana iya cirewa. Abin da yake na mutum, a bar shi: tsagar gado, wushirya, tabon sallah a goshi, furfura, tsohon tabo. Tsaga tana faɗin gidan da mutum ya fito. Sai mai ita ya nema da bakinsa.

Canza fuska ya fi muni a tsofaffin hotuna. Ana kawo hoton kaka na situdiyo, ya kwaɗe, a saka shi a manhajar da ke sabunta fuska. Manhajar ba ta san shi ba, cike gurbi take yi da fuskokin da aka horar da ita a kansu. Tana ɗaukar tsagar kunci a matsayin karce ta goge, ta canza girman ido, ta miƙe hanci. Jikoki su rataye baƙo a bango. Ɗauki tsohon hoton a inuwa, kyamara daidai saitinsa, ka gyara haske, ka share tsagewar takarda da hannu a wuraren da ba fuska ba. In an yi na manhaja, a ajiye shi tare da na asali, a faɗa wa iyali wanne ne wanne.

Hoton da za a nuna a matsayin shaida, dokarsa ta fi tsanani: ba a ƙarawa, ba a cirewa, ba a matsarwa. A 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza biyu, a Masar, kusa da juna don su shiga bangonta, har yau ana ba da misali da abin. A 2006 kamfanin Reuters ya raba gari da wani mai hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut, ya janye hotunansa duka. A gasar World Press Photo ta 2015, kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe an fitar da su saboda gyara. Kai ba ɗan jarida ba ne, amma ranar da ka ɗauki ambaliya a unguwa, ko layin jarkoki a famfo, ko taron jama'a, ka tura a WhatsApp, aikin ɗan jarida ka yi. Yanke gefe ma yana iya zama ƙarya, in ka yanke rabin filin da ba kowa don a ce wuri ya cika. Haka gidajen ƙasa na Birni: damina tana cin su, wani hoton naka shi zai rage. Wayar lantarki da tsagewar bango suna cikin tarihin. In ka share su don hoton ado, rubuta a ƙasa cewa an gyara. A Faransa tun 2017 doka ta wajabta irin wannan rubutu a hotunan talla da aka canza surar jikin mai tallar.

Hoton kaya kuwa maganar ciniki ce. Mai sayar da atamfa, ko jakar fata, ko rago a waya, in ya ƙara launi ya ɓoye tabo, ya shiga hadisin da Muslim ya ruwaito, na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, inda Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Ɗauki kaya a inuwa da farar takarda a gefe, ka daidaita launi da ita, ka ɗauki aibin shi ma. Hoton da za a aika wa mai neman aure hukuncinsa bai yi nisa da wannan ba. Na katin ɗan ƙasa da fasfo ba a taɓa fuska sam, haske da bango kawai. Ɗora kan wani a jikin wani, ko haɗa mutum biyu da ba su haɗu ba, yana kashe aure, kuma dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci a kan ɓata suna.

Izini da aikawa

Izinin ɗauka daban, na yaɗawa daban. A kasuwar Dole ka yi sallama tukuna: “Baba, in ɗauke ka hoto? Zan sa a Facebook, ka yarda?” In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Hotunan ɓangaren mata a biki na amarya ne da danginta, su za a ba, ba a sa su a shafinka don tallar aiki sai sun amince. Yaro kuma sai da yardar iyayensa. Kashe alamar wuri a kyamarar waya, domin fayil ɗin yana iya ɗauke da inda gidan yake.

Wajen fitarwa zaɓi JPEG, sRGB, inganci 85 zuwa 90. Don Facebook, dogon gefe 2048. Don wankewa a santimita 10 da 15, kada ya gaza 1200 da 1800. WhatsApp yana matse hoto, don haka wanda za a kai wurin wanki a aika shi a matsayin fayil. Ajiye asali da gyararre a wuri biyu, kati ko kwamfuta da kuma wani faifan daban, suna ɗaya, gyararren da harafin g a ƙarshe: 2025-03-31_hawa_014 da 2025-03-31_hawa_014g.